Mi yasa injiniyoyin jiragen yaƙi ke ɗaukar watanni suna duba takardu?

Tambaya: Salam malam, ni ɗalibin kwamfuta ne anan Katsina. Naji ance akwai injiniyoyin da aikinsu kawai su zauna suna duba takardun bayanin manhajar jirgin yaƙi, basa ma rubuta kod, wato umarnin da ake rubutawa kwamfuta ta bi. Dan Allah wanga ba ɓata lokaci bane?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ko kaɗan. Matsalar itace jirgi yana daɗewa fiye da wanda ya rubuta mashi manhaja. B-52 na Amurka ya fara tashi tun 1952 kuma har yau yana aiki, mu ma nan Alpha Jet ɗinmu tun shekarun 1980 aka sayo su. To wanda ya tsara kwamfutar irin waɗannan jirage yayi ritaya ko ya rasu, kuma manhajojin wasu da tsoffin yarukan kwamfuta irinsu JOVIAL da Ada aka rubuta su, ka gaya min a ajinku mutum nawa suka taɓa ko jin sunan JOVIAL?

Ka ɗauka kamar gidan da mai wayarin ya binne wayoyi cikin bango yayi tafiyarsa bai bar zane ba, ranar da wuta ta samu matsala sai fasa bango. A jirgi kuwa ba'a lalube, rai ne a ciki.

Abinda mai dubawa keyi shine ya ajiye takarda gefe guda, kod gefe guda, yaga ko bakinsu ɗaya. Sau da yawa an gyara kod ɗin sau biyar amma takardar tana nan yadda take tun farko, kuma wallahi irin wannan ta fi rashin takarda haɗari, don mutum zai yarda da ita ya ɗora aiki a kai. Sannan ya bi kowace buƙata, wato abinda takardar tace dole manhajar tayi, ɗaya bayan ɗaya, ina aka rubuta ta a kod, wane gwaji ya tabbatar tana aiki. Ƙa'idoji irinsu DO-178C na jiragen sama sun matsa sosai akan wannan bin sawu.

Amma ni abinda nafi nema a takarda shine dalili. Kod zai nuna maka an sa iyaka a wata lamba, bazai faɗa maka mi yasa ba, wataƙila saboda ƙarfin wata tsohuwar na'ura ne, ranar da aka canza na'urar ba wanda zai san ko a taɓa lambar ko a barta.

In kana son shiga harkar, fara da furojet ɗinka na makaranta, ka baiwa abokinka takardar kaɗai kace ya gyara wani abu ba tare da ya kira ka a waya ba.