Yaya ake tsara 'yan sa-kai su gyara hanyar ƙafa a gandun shaƙatawa?

Malam, ka ce mutanenku suna zuwa da yawa amma aiki ba ya gaba. Matsalar rabon aiki ce. Hanyar Appalachian ta Amurka, mai tsawon kilomita kusan 3,500, ƙungiyoyin sa-kai wajen 30 ke kula da ita, kowace da yankinta. Ku ma ku yanka hanyar kashi-kashi, kowane kashi mutum shida zuwa takwas da shugaba ɗaya.

Kafin ranar aiki a nemi izinin hukumar gandun, shugabanni su zaga su ɗaura ƙyalle inda za a taɓa.

Ruwa ne ke cinye hanya, can ya kamata ƙarfinku ya tafi. A karkata doron hanya kaɗan zuwa gangare, a kwashe tudun ƙasar da ya taru a bakinta, domin shi ke tare ruwa har ya haƙa kwazazzabo a tsakiya. Magudanar da ganye ya toshe a yashe ta kafin damina, ba bayan ta yi ɓarna ba.

Masu diga da adda su bar tazarar mita 3 tsakaninsu. Zarton inji kuwa, sai wanda aka horar.