Wa ke hukunta Razdan a masarautun Indiya?

Ka tambaya ko Turawan Ingila na hukunta jami'ansu da suka yi ba daidai ba a masarautun Indiya. Da wuya, malam. Dubi Baroda, ɗaya daga cikin masarautun. Razdan Robert Phayre ya daɗe yana takun-saƙa da Sarki Malhar Rao, har a 1874 Phayre ya ce an sa masa guba a abin sha, aka zargi sarkin. Kwamitin mutum shida ya zauna a 1875: Turawa uku suka ce sarki na da laifi, Indiyawa uku suka ƙi amincewa. Duk da haka aka tuɓe shi, aka ce mulkinsa ya lalace. Gaskiya sarkin ba adali ba ne, amma shi Phayre da gwamnatinsa ta ga bai dace da Baroda ba, ɗauke shi kawai aka yi, ya ci gaba da aikin soja har ya zama janar.