Fararen Tabbai a Fatar Ɗiyata: Ta Yaya Likita Ke Gane Cutar da Ba a San Musabbabinta Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗiyata mai shekara 14 ta fara samun fararen tabbai a yatsun hannuwanta biyu da kewayen idanunta kusan wata takwas da suka wuce, ba ƙaiƙayi ba ciwo. Wasu sun ce kyasbi ne, wasu har sun ambaci kuturta, abin da ya tayar mini da hankali ƙwarai. Mun je asibiti, likita ya duba ta ya ce bitiligo ce, amma da na tambaye shi abin da ya kawo ta sai ya ce har yanzu ba a tabbatar ba. Ta yaya zai yanke hukunci a kan cutar da bai san musabbabinta ba? Kuma akwai wasu cututtukan fata masu irin wannan hali?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya kuma kwantar miki da hankali. Likitan da kuka gani gaskiya ya faɗa miki, kuma faɗin gaskiyar ya ƙara mini yarda da shi. Sanin cuta daban, sanin abin da ya tayar da ita daban. A fannin fata muna gane cuta ne ta kamanninta, da wurin da ta zaɓa a jiki, da shekarun mai ita, da yadda take tafiya daga wata zuwa wata, kuma waɗannan alamomi kan isa a tabbatar da ita a kuma yi mata magani ko da tushenta bai gama bayyana ga masu bincike ba.

Abin da kika siffanta ya dace da bitiligo, wadda wasu ke kira albaras. A cikin fata akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne sarrafa sinadarin melanin mai ba ta launi, to a wannan cuta garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta farma waɗannan ƙwayoyi, sai wurin ya koma fari fat. Wannan an san shi. Abin da ya rage a duhu shi ne dalilin da ya sa garkuwar wani ke yin wannan kuskure ta wani ba ta yi, da dalilin da ya sa take farawa a shekara kaza ba kafin nan ba. Gado yana da hannu a ciki, ko da yake yawancin masu ita ba su da wani ɗan uwa na kusa da ke da ita. Tana shafar kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, kuma kimanin rabinsu tana fara musu ne kafin su kai shekara 20, saboda haka ɗiyarki tana cikin shekarun da aka saba ganin ta. Ba abinci ne ya jawo ta ba, ba ƙazanta ba ce, kuma ba ta yaɗuwa ta taɓawa ko haɗa tufafi ko kwana wuri ɗaya.

Alamominta a fili suke ga wanda ya saba. Tabon fari ne sol, iyakarsa a fayyace, fatar wurin sumul ba saɓa ba ɓawo, kuma sau da yawa abin da ya fito a hannun dama za a ga ɗan uwansa a na hagu. Ta fi son kewayen idanu da baki, da yatsu, da gwiwoyi, da hammata, da al'aura, kuma gashin da ke cikin tabon yana iya yin fari. Idan likita ya haska wurin a ɗaki mai duhu da wata fitila ta musamman mai shuɗin haske, sai tabon ya yi ƙyalli har a ga inda ido bai kai ga gani ba.

Batun kuturta kuwa ina so in tsaya a kansa, domin na ga yadda wannan kalma ɗaya take sa yarinya ta riƙa ɓoye hannuwanta cikin mayafi, ƙawayenta su janye, alhali babu komai. Kuturta sananniyar cuta ce da ƙwayar bakteriya ke kawowa, wadda likitan Norway Gerhard Hansen ya gano a 1873. Tabonta dusashewa yake yi kawai, ba ya kaiwa fari fat, kuma babbar alamarsa ita ce mutuwar ji. A ɗakin duba marasa lafiya mukan ɗauki ɗan zaren auduga, mu ce mutum ya rufe ido, mu riƙa taɓa tsakiyar tabon da kuma lafiyayyar fatar da ke gefensa, shi kuma yana nuna mana da yatsa inda ya ji. Mai bitiligo zai ji ko'ina daidai wa daida, mai kuturta kuwa audugar za ta bi ta kan tabon bai sani ba. Ko da ma kuturtar ce, tana warkewa da haɗin magunguna na wata 6 ko 12.

Kyasbi shi ma an san mai kawo shi, wani nau'in naman gwari ne da ke zaune a fatar kowa. Ya fi fitowa a ƙirji da baya da wuya, kuma idan aka ɗan kankare shi da farce sai wani gari mai laushi kamar dusa ya tashi, abin da ba ya faruwa a bitiligo. Akwai kuma wasu tabbai masu dusashen launi da kan fito a kumatun yara masu bushewar fata, waɗanda iyakarsu ba a fayyace take ba, kuma sukan tafi da kansu idan ana shafa mai.

Sai ɓangare na biyu na tambayarki. Cututtukan fata masu irin wannan hali, wato waɗanda ba a gama sanin musabbabinsu ba, suna da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce soriyasis, mai shafar kimanin mutum 2 zuwa 3 cikin 100. Lafiyayyar fata kan ɗauki kusan wata guda kafin sabbin ƙwayoyinta su hauro sama su zube, amma a mai soriyasis garkuwar jiki tana ingiza su su hauro cikin 'yan kwanaki, sai su taru su yi kauri da ɓawo mai ruwan azurfa a gwiwar hannu, da gwiwar ƙafa, da fatar kai, da ƙasan baya. Littattafan likitanci da dama suna siffanta ta da ja, alhali a baƙar fata ta fi fitowa da ruwan toka ko shunayya ko ƙasa-ƙasa mai duhu, kuma wannan yana daga cikin abin da ke sa a daɗe ba a gane ta ba. Mukan duba farata, domin sukan yi ƙananan ramuka kamar an tsattsoka musu allura, mukan kuma tambayi ciwon gaɓoɓi, saboda har kusan mutum 3 cikin 10 na masu ita kan samu kumburin gaɓoɓi wanda idan aka yi sakaci yana lalata su. An san abubuwan da ke tayar da ita, kamar ciwon maƙogwaro, da damuwa, da shan taba, da wasu magunguna, sai dai mai tayar da cuta ba shi ne tushenta ba. Ita ma an daɗe ana haɗa ta da kuturta, sai a ƙarni na 19 likitoci suka rarrabe su, kuma a 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a matsayin babbar cuta marar yaɗuwa.

Ezima, wadda ta fi kama yara, ƙaiƙayi ne gabanta da bayanta. Tana zama a lanƙwasar hannu, da bayan gwiwa, da wuya, a jarirai kuwa a kumatu, kuma takan zo a gidan da ake da asma ko yawan atishawa. Amosanin kai mai tsanani, wanda kan sauko har gira da gefen hanci da bayan kunne, yana da alaƙa da naman gwarin nan na kyasbi, amma tunda kowa yana ɗauke da shi, ba a gama sanin abin da ya sa fatar wasu kaɗai ke yin bore ba.

Akwai wata da ke farawa da tabo guda ɗaya babba a ƙirji ko baya, wanda sau da yawa ake ɗauka makero ne, bayan mako ɗaya ko biyu sai ƙananan tabbai masu siffar ƙwai su bazu a gangar jiki. Sunanta fitiriyasis roziya, ana zargin wasu ƙwayoyin bairos da ita, kuma takan wuce da kanta cikin mako 6 zuwa 8. Duk da haka ba na son a yanke mata hukunci a gida, domin tunjere a matakinsa na biyu yana iya kama da ita, mai juna biyu kuma dole likita ya gan ta. Wata kuma ita ce laikin filanas, ƙuraje ne masu faɗin kai da sheƙi da ruwan shunayya a wuyan hannu da idon sawu, da ƙaiƙayi mai tsanani, wani lokaci da fararen layuka kamar saƙa a cikin kumatu, kuma saboda ana ganin ta tare da ciwon hanta nau'in C akan yi gwajin jini. Haka nan zubewar gashi mai zagaye, inda wurin ke zama sumul kamar an aske, ita ma garkuwar jiki ce ke jawo ta, kuma santsin wurin ne ke raba ta da makero, wanda ke da ɓawo da karyayyen gashi.

Abin da ya fi damuna a dukkan waɗannan shi ne, duk inda likita ya ce ba a san musabbabi ba, sai a samu mai cewa shi ya sani kuma yana da maganin da zai kawar da ita cikin mako guda. Yawancin mayukan da ake sayarwa a kan haka suna ɗauke da sinadarin sitiroid mai ƙarfi. Sitiroid magani ne na gaske da mu ma muke rubutawa, amma da ƙarfin da ya dace da wurin da kuma iyakar lokaci. Idan aka shafa shi watanni ba kulawa yakan sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje, a kusa da ido kuma yana iya ɗaga matsin cikin idon, kuma wannan ya shafi ɗiyarki kai tsaye tunda tabbanta suna kewayen idanu. Magungunan da ke ƙona fata sun fi wannan haɗari, domin bitiligo da soriyasis da laikin filanas duk suna da halin fitowa a inda fata ta ji rauni, ko yanka ne ko ƙuna ko yawan susa.

Game da ɗiyarki, ku koma wurin likitan fata da wuri, domin magani ya fi kama tabon da bai daɗe ba. Akwai man takrolimos da ya dace da fuska, akwai haska fata da wani haske na musamman da ake yi a asibiti sau biyu ko uku a mako, kuma a 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da man ruksolitinib ga masu shekara 12 zuwa sama. Ki nemi a duba lafiyar tayirod ɗinta, wato halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, saboda matsalarta kan zo tare da bitiligo. Ki kare fararen wuraren daga rana, domin ba su da launin da ke tare zafinta kuma suna saurin ƙonewa. Ki riƙa ɗaukar hoton tabban sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya da haske ɗaya, ki tafi da su duk ranar ganin likita. Kada ki tsammaci sauyi kafin wata 3 zuwa 6, kuma fuska ta fi yatsu saurin karɓar magani, saboda launin yana dawowa ne daga saiwar gashi, yatsu kuwa gashinsu kaɗan ne. Idan kika fara ganin ƙananan ɗigo-ɗigo masu duhu a tsakiyar farin kamar an yayyafa, kada ki tsorata ki dakatar da maganin, launin ne ya fara dawowa.