Tambayoyin Masu Karatu: Me Ya Sa Ake Hana Babur Shiga Gidan Fakin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne, a Kubwa nake zaune, kuma babur ɗin da nake hawa nawa ne, ba haya nake yi da shi ba. Kwanan baya na je wani babban kanti a cikin garin Abuja, irin mai wurin ajiye motoci hawa-hawa. Mai gadi ya tare ni a bakin ƙofa ya ce mashin ba ya shiga. Na ce zan biya kuɗi daidai da na mota, ya ce umarni ne daga sama. Ga fili nan fal a ciki ina gani. Shin akwai wani dalili, ko raini ne kawai?
Daga wani mai karatu, Kubwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai dalilai, wasu ma masu ƙarfi, sai dai mai gadin da ya tare ka da wuya a ce an taɓa yi masa bayaninsu.

Babban cikinsu yana nan a bakin ƙofar da ka tsaya: sandar nan da ke ɗagawa idan mota ta zo, ta sauka idan ta wuce. In ka sake zuwa, dubi ƙasa daf da ita. A wurare da yawa za ka ga an tsaga simintin ko kwaltar, an yi zane mai kusurwa huɗu, an cike tsagar da baƙin danƙo. Waya ce aka binne a ciki, an naɗe ta zagaye, ana tura mata wuta kaɗan. Duk ƙarfen da ya hau kanta yakan sauya yanayin maganaɗisun da ke wurin, ta haka na'urar ke gane cewa akwai abin hawa. Mutane suna zaton nauyi take aunawa. Ba nauyi ba ne, faɗin ƙarfen da ya rufe wayar ne. Cikin mota faffaɗan ƙarfe ne da ke lulluɓe zanen gaba ɗaya. Babur kuwa siriri ne, jikinsa da roba da yawa, in ya tsaya a tsakiyar zanen sai na'urar ta ɗauka babu kowa.

Abu biyu ke biyo baya. Ko dai sandar ta ƙi ɗagawa, layin motoci ya taru a bayanka ana ta danna maka oda. Ko kuma, wanda ya fi muni, ta ɗaga, kana tsakiyar wucewa ta sauko. Idan a kan mota ta faɗa, fenti ne ya karce, a biya mai gyara a wuce wurin. Mai babur ba shi da rufi: a kansa, ko wuyansa, ko kafaɗarsa za ta faɗa. Wannan ne ya sa hatta a Amurka da Ingila ake liƙa hoton babur da jan layi a jikin irin waɗannan ƙofofi. Tsoron diyya ne da rigimar kamfanin inshora.

Sai daɓen ciki. Galibi ana goge shi ya yi sumul, a shafa fenti, motoci kuma su yi ta ɗigar da baƙin mai a kai. Da damina tayoyi su shigo da ruwa. Ga gangara mai lanƙwasa daga wannan hawa zuwa wancan, direba yana juyowa ba ya ganin abin da ke bayan ginshiƙi. Ƙafa huɗu ba ta damu ba, ƙafa biyu kuwa santsi kaɗan ya ishe ta.

Akwai maganar kuɗi ma. Babur yana iya raɓawa ta gefen sanda ya fice bai biya ba. Inda ake amfani da kyamara mai karanta lamba, sau da yawa gaba take kallo, lambar babur kuma a baya take. Sannan sata: ƙarti biyu ko uku sun isa su ɗaga babur a kulle su jefa a bayan motar kaya, a fita da shi ta ƙofa da tikitin motar. Masu wurin ba sa son jin "ku biya ni."

To, a Najeriya akwai ƙarin wani abu, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Tun watan Oktoban 2006, zamanin da Nasir El-Rufa'i yake ministan Abuja, aka hana 'yan acaɓa aiki a tsakiyar birnin. A Kano gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Legas ta kafa dokarta a 2012, ta ƙara tsananta ta a 2020 da 2022. Waɗannan dokoki suna da nasu dalilan na tsaro da yawan haɗari, ba na musun haka. Amma sun bar tabo: yanzu duk wanda aka gani a kan babur, malamin makaranta ne, ma'aikacin jinya ne, yaron da ke kai saƙon abinci ne, kallon ɗan acaɓa ko abin zargi ake yi masa. An yi musu kuɗin goro. Mai kanti kuma ya ga ba ya son babura su "ɓata" masa gaban gini. Nan ne rainin da ka ambata yake shigowa, kuma ba ka yi ƙarya ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kori mutum ba tare da an nuna masa wani wuri ba. Duk matsalolin nan suna da magani mai araha. Ana iya ƙara wa na'urar ƙarfin ji. Ana iya gajarta sandar, ko a buɗe 'yar hanya a gefe. Mafi sauƙi, a ware fili a hawan ƙasa kusa da ɗakin mai gadi, a kafa ƙarafan ɗaure sarƙa, a riƙa yankar tikiti da hannu. Gurbin mota ɗaya yana ɗaukar babura huɗu ko biyar, ko ta fuskar riba mai wurin bai faɗi ba.

Kai kuma, ɗan'uwa, kada ka tsaya cacar baki da mai gadi, abincinsa yake karewa. Nemi manajan wurin, ka tambaye shi inda suka tanada wa masu babur, in babu ka rubuta ƙorafi ka bar masa. Inda aka yarda ka shiga, ɗora tayoyinka daidai kan tsagar nan ta gefe, ba tsakiyar zanen ba, don a nan na'urar ta fi ji. Ka bar hular kwano a kanka har sai ka kashe inji. Kuma don Allah kada ka taɓa bin bayan mota don ku wuce tare: na'urar motar kaɗai ta ƙirga, tana wucewa sandar za ta sauko, kai kuma kana ƙarƙashinta.