Na Aika Wa Kociyoyin Amurka Imel, Shiru Kake Ji

Tambaya: Malam, ina ajin SS2 a Katsina, ɗan wasan tsakiya ne ni a ƙwallon ƙafa. Na aika wa kociyoyin jami'o'in Amurka imel ina neman gurbin karatu da wasa, babu amsa. Ina na kuskure? Daga mai karatu, Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Ƙanena, fara duba taken saƙon. Sa sunanka, gurbinka a fili da shekarar da za ka gama sakandare. Ka ambaci sunan kocin da jami'arsa, domin saƙon da aka watsa wa mutum hamsin a tare, sharewa ake yi.

Bidiyo shi ne ƙashin bayan maganar. Minti 3 zuwa 5 ya isa, a YouTube, ba a liƙe da imel ba. Fara da wasanka mafi kyau, ka sa kibiya a kanka, kuma a ɗauka daga kan benci mai tsayi, wayar a kwance.

Haɗa tsayinka, makinka na makaranta da lambar wayar kocinka. Yi rajista da NCAA Eligibility Center, cibiyar tantance 'yan wasa ta hukumar wasannin jami'o'in Amurka (NCAA), ka tanadi sakamakon WAEC ko NECO. Ka sani, jami'o'in rukuni na 3 na NCAA ba sa ba da tallafin karatu don wasa.

Bayan mako biyu, sake tuntuɓa da sabon bidiyo.