Hukuncin Rawar Gargajiya a Makon Al'adu na Jami'a

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne ɗan aji uku a wata jami'ar tarayya. Duk shekara ƙungiyar ɗalibai takan shirya makon al'adu, kowace ƙabila ta fito da tufafinta da abincinta da rawarta, don a san juna a rage ƙyamar da ke tsakani. Bana ni aka ɗora wa shirya ɓangaren Hausawa da Fulani, kuma tun ranar da aka faɗi sunana ban huta ba. Wasu 'yan'uwa a masallaci sun ce rawa haramun ce ɗungurungum, in ajiye muƙamin tun kafin in kwashi zunubin jama'a. Wasu kuma sun ce al'ada ce kawai, babu ruwan addini da ita. Akwai 'yan mata da suka ba da sunansu za su yi koroso tare da samari. Sannan abokin ɗakina Tibi ne, Kirista, ya ce zai shiga rawarmu in ni ma zan shiga tasu. Malam, yaya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun kafin a kafa rumfa. Kada ka ajiye muƙamin nan. Waɗanda suka ce rawa haramun ce ɗungurungum sun tsananta fiye da yadda nassi ya tsananta, waɗanda kuma suka ce babu ruwan addini da ita sun fi su nisa da daidai, domin babu wani motsi na ɗan'adam da shari'a ba ta da magana a kansa.

Mu fara da abin da ya faru a Madina. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa wata ranar Idi mutanen Habasha suna wasa da garkuwoyi da māsu a cikin masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sai ya tsayar da ita a bayansa, yana kāre ta da mayafinsa, kumatunta a kan kumatunsa, tana kallo. Bai tsaya ga ƙyale su kawai ba, har ƙarfafa su yake yi yana cewa, "Ku ci gaba, ya ku 'ya'yan Arfida." Bai gusa ba sai da ita da kanta ta gaji, ya ce, "Ya ishe ki?" ta ce e, ya ce, "To tafi." A ruwayar Abu Huraira, Sayyidina Umar ya shigo ya tarar da su, ya sunkuya ya ɗebi tsakuwa zai jefe su, Annabi ya ce, "Ƙyale su, ya Umar." A lafazin Muslim kalmar da A'isha ta yi amfani da ita ita ce "yazfinuna", wato suna rawa, kuma Imam Nawawi ya ce malamai sun fahimce ta da tsalle-tsalle da makami a yanayin da ya yi kusa da na mai rawa.

Ka dubi wannan ƙissa da kyau, domin kusan duk tambayarka tana cikinta. Wasan nan ba na Larabawa ba ne, na wata al'umma ce da ta ƙetaro teku da abinta. Annabi ya kira su da sunan da aka san jinsinsu da shi, ya bar su suka nuna abin da suka gāda a wuri mafi daraja a garin, ya kuma hana babban sahabi ya kore su. Duk wanda ya ce maka nuna wasan wata ƙabila a bainar jama'a saɓo ne a karan kansa, ka tambaye shi yadda zai yi da wannan hadisi. Amma kuma ka lura da su waye a fage: maza ne, da makamai, wasan jarunta suke yi, matar da take kallo kuwa tana bayan mijinta a suturce.

Daga nan malamai suka rabu. Malikawa da Hanafawa da Hambalawa sun tafi a kan cewa rawa makaruhi ce, saboda tana rage kamalar mutum, kuma Ƙurɗubi a tafsirinsa ya kawo waɗanda suka kafa hujja a kan zarginta da aya ta 37 a Suratul Isra'i, wadda ta hana tafiya a bayan ƙasa da taƙama. Shafi'awa sun ce halal ce, sai in akwai karairaya irin ta 'yan daudu. Inda duka suka haɗu shi ne: in aka haɗa ta da haram, kamar giya ko bayyana tsiraici ko cakuɗar maza da mata mai tayar da sha'awa, ta zama haram. Saboda haka a mazhabarmu ma ba a ce haramun ba. Makaruhi abu ne da barinsa ya fi, amma wanda ya yi bai yi zunubi ba. Ni kuwa abin da nake gani shi ne, samari su fito da sanduna su yi takai, ko su yi shigar maharba da ta manoma su taka rawar gayya, ko yaran Fulani su jera da sandunansu da malafunansu su yi tsalle, sau ɗaya a shekara, wannan ya fi kusa da wasan Habashawa fiye da rawar da malamai suka ƙi. Sai dai in za ku kwaikwayi 'yan tauri, ku bar layu da kirarin asiri a gida.

Maganar 'yan matan ita ce ta fi damuna, kuma a nan ba zan sassauta ba. Bai halatta baligar mace ta yi rawa a gaban mazan da ba muharramanta ba, ko da ta rufe jikinta ruf, balle a haɗa ta da saurayi suna juyi tare. Ka buɗe Suratun Nur, ƙarshen aya ta 31: Allah ya hana mata buga ƙafafunsu don a san abin da suke ɓoyewa na ado. Ayar ta sauka ne a kan mace mai tafiya da mundaye a ƙafa tana buga ƙasa don a ji ƙararsu. To koroso fa, da ake ɗaura abin kacau-kacau a ƙwauri musamman don ya yi amo idan an taka? In tafiya kawai aka hana a wannan siffa, rawa ta fi cancantar hani.

Akwai kuma abin da malaman dā ba su sani ba, mu muka wayi gari a cikinsa. Wani dattijo ya taɓa zuwa wurina bayan sallar Isha'i, hannunsa na rawa, ya miƙo mini waya. 'Yarsa ce a wani taron makaranta, an ɗauke ta tana rawa, an yanke daidai inda ta juya baya, an ɗora wata waƙar batsa a kai, ana ta yawo da shi a TikTok. Yarinyar ba ta yi nufin komai ba face farin cikin ranar, kuma rawar ba ta fi minti biyu ba, amma an sa mata rana a lokacin, kuma dangin mijin sun gani. Ban manta yadda mutumin nan ya kasa ɗaga kai ya dube ni ba. Duk sanda ka tsayar da ɗiyar wani a dandali yau, ka sani ba mutanen da ke cikin zauren kaɗai ka nuna wa ita ba.

Wannan ba ya nufin a ce wa 'yan matan su koma ɗaki su zauna. Annabi ya tarar da 'yan mata biyu suna waƙar yaƙin Bu'asu a ɗakin A'isha ranar Idi, da Sayyidina Abubakar ya tsawata musu sai ya ce ya ƙyale su, kowace al'umma tana da idinta. Ka nema musu zaure nasu, yini guda ko maraice guda, mata zalla, masu tsaron ƙofa mata, a ajiye wayoyi a bakin ƙofa. Su gayyaci ƙawayensu Yarabawa da Ibo da Tibi da Barebari, su yi gaɗa, su yi lalle, su koya wa juna taku. Na tabbata sanin junan da za a samu a wannan ɗaki ya fi na babban dandali, inda kowace ke fargabar idon maza. A taron gaba ɗaya kuwa suna iya baje kolin abinci da saƙa da kitso a kan 'yar tsana, su gabatar da tarihi da karin magana, cikin suturarsu.

Game da kiɗa, mafi yawan malamai sun hana kayan kiɗa bisa hadisin Buhari a kan mutanen da za su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa, suka keɓe mandiri a biki da idi. Ibn Hazm ya saɓa musu ya halatta. A cikin mazhabar Malik ma, Shaihu Halil a babin walima ya halatta mandiri ko da namiji ne zai kaɗa, ya kuma kawo saɓani a kan ganga. Don haka in kun tsaya ga tafi da waƙar baka da mandiri, kun fita daga saɓani. In aka kaɗa ganga ko kalangu don taku ya daidaita, ba zan ce a tayar da husuma a kai ba, tunda magabata sun yi saɓani. Abin da ba na jin akwai mai halatta shi shi ne a rufe taron da kiɗan disko cikin dare, a kashe fitilu, maza da mata su cakuɗe.

Sai abokin ɗakinka. Ka karɓe shi hannu bibbiyu, ka ara masa babbar riga da hula, ka koya masa riƙon sanda. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ba ka damar kyautata wa wanda bai yaƙe ka don addini ba, kuma wanda kuke kwana ɗaki ɗaya yana da haƙƙin maƙwabtaka a kanka. Kai ma ka yafa zanensu mai ratsin baƙi da fari, ka ci sakwararsu in naman halal ne, ka tsaya ka kalli abin da ya halatta a kalla. Shiga rawarsu kuwa hukuncinta ɗaya da tamu: in maza ne zalla, babu karairaya, shiga, in irin suwange ce da ake haɗa maza da mata ana kaɗa ƙugu, ka ba shi haƙuri, ka gaya masa gaskiya cewa ko a rawar Hausawa ka hana wannan. Mutum yakan gane wanda yake ƙyamarsa da wanda yake kiyaye addininsa, in dai an yi masa magana da mutunci.

Iyakar da ba a ƙetarewa ita ce rawar da asalinta bauta ce. Fitowar dodanni da ake cewa kakanni ne suka dawo, kamar egungun na Yarabawa, ko rawar da ake yi don wani abin bauta, musulmi ba ya sa kayanta, ba ya taka ta, ko da an ce wasa ne. Kuma kafin ka dubi na wasu, dubi na gida. Sau da yawa idan aka ce a nuna al'adar Bahaushe, sai wani ya kawo shawarar a yi bori, a ɗauko garaya, a kira Sarkin Rafi da Ɗan Galadima, wata ta faɗi tana birgima. Wannan kiran iskoki ne, kuma irin abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa'azi a kansa ke nan. Ana iya bayanin bori a lacca a matsayin tarihi, amma kada a hau shi a dandali da sunanka a kan takardar shiri.

Manufar taron kuwa mai kyau ce, kada kowa ya raina ta. Ƙasar nan ta ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, kuma saboda raunin da ya bari ne gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hidimar ƙasa a 1973, don yaron Sakkwato ya zauna a Inugu ya ga mutane ne kamarsa. Allah da kansa ya ce a Suratul Hujurati, aya ta 13, ya sanya mu dangogi da ƙabilu don mu san juna, a Suratur Rum kuma ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinsa. Sai dai abin da aka shirya don haɗin kai yakan juye ya zama gāsa, musamman in an sa kofi. Daga kirari sai gori, daga gori sai a fara kwaikwayon yadda wata ƙabila take magana ana ƙyalƙyala dariya. Ranar da wani Bamuhajire da wani Ba'ansare suka yi faɗa kowa ya kira danginsa, Annabi ya ce su bar wannan kira, domin abu ne mai wari. Barkwancin da muka gāda, na Gobirawa da Yarabawa ko na Fulani da Barebari, yana da daɗi ne saboda ɓangarorin biyu sun yarda da shi. Ka karanta duk wani wasan kwaikwayo da kirari kafin a hau dandali, abin da ka san zai sa wani ɗalibi ya sunkuyar da kai, ka cire shi.

Ka sa a rubuta hutun Azahar da La'asar a cikin jadawalin tun yanzu, a kashe lasifika idan an kira salla, a tashi kafin Magariba. Liƙi kuma a bar shi: almubazzaranci ne da kuɗin iyaye, ga shi dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta watsa naira da tattaka ta a wurin biki.

In ka kai waɗannan gaban kwamiti suka karɓa, alhamdu lillahi. In suka rinjaye ka a kan rawar maza da mata ko bori, ka faɗa musu a fili cewa ba da hannunka ba, ka janye daga wannan ɓangaren kaɗai, ka ci gaba da sauran, zunubin yana kan wanda ya shirya. 'Yan'uwanka na masallaci kuma ka isar musu da saƙona: babu wanda ya ba su izinin fasa taro ko ƙwace ganga da ƙarfi, wannan aikin hukumar makaranta ne. In suna son gyara, su ba ka mutum biyu su shiga kwamitin tare da kai.

Allah ne mafi sani.