Zan dawo gida amma kwantiragin wayata bai ƙare ba

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a Ingila, na gama mastas zan dawo gida wata mai zuwa in Allah ya yarda. Da na zo na karɓi waya a kwantiragin wata 24, fam 38 duk wata, yanzu saura wata 9. Abokaina sun ce kawai in rufe asusun banki in hau jirgi ba abin da zai faru. Ya ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa albarka a karatun. Don Allah kar ka bi shawarar nan. Mu a gida mun saba da sa kati, in ya ƙare shikenan ba wanda ke bin ka, shi ya sa da yawanmu in an miƙo musu sabuwar waya a kwali ba su biya komai ba sai su ga kamar garaɓasa ce, alhali bashi ne ka sa hannu a kai. In ka fita kafin lokaci kuɗin watannin da suka rage za su lissafa maka, wasu kamfanonin su ɗan rage wani abu kaɗan. Kai naka 38 sau 9 kenan, wajen fam 342.

Kafin komai ka san ainihin kuɗin tukuna. Ka tura INFO zuwa 85075 daga layin, kyauta ne, za su turo maka nawa za ka biya in ka fita yau. Hukumar Ofcom, mai kula da harkar sadarwa a ƙasar, ce ta tilasta musu wannan tun 2019. Sannan ka duba takardar da kyau, don wasu kamfanonin kamar O2 raba abin suke yi biyu, kuɗin waya daban kuɗin kira da data daban, to in irin wannan ne ragowar kuɗin wayar ne a kanka, ka ga da sauƙi.

In ka gudu kuwa, ba wanda zai tare ka a filin jirgi gaskiya, amma za su miƙa bashin ga masu karɓar bashi kuma a rubuta a tarihin kiredit ɗinka, wato bayanan yadda kake biyan bashi da kamfanoni ke dubawa, ya zauna shekara 6 cur. Na san wani da ya yi haka, bayan shekara uku ya koma yin digiri na uku, ya shiga shago da murnarsa zai karɓi layi, yarinyar ta duba kwamfuta ta ce masa ba a amince ba, ya fito jiki a sanyaye, kan kuɗin da bai kai hayarsa ta wata ɗaya ba. Kuma ko ba za ka sake taka ƙasar ba haƙƙin mutane ne, ka yi amfani da kayansu wata 15.

Abin da ni zan yi, in nemi wani amintacce da ke can da zai karɓi kwantiragin, wasu kamfanonin na yarda a mayar da shi sunan wani in sun duba kiredit ɗinsa. Amma fa a canza sunan a rubuce, ba wai ka bar masa waya ya ce zai riƙa biya ba, nan zumunci ke lalacewa. In ba a samu ba ka biya su, ko sayar da wayar za ka yi ka cika. In kana son lambar saboda saƙon banki, ka tura kalmar PAC zuwa 65075, za su turo maka lambar da za ka ba sabon kamfani, ka mayar da ita kan layi mai arha irin Lebara ko giffgaff.

Tambaya: Ina Amurka, an ba ni waya kyauta bara, yanzu ina so in canza kamfani sun ce sai na biya. Ba an ce an daina tarar nan ba?

Amsa: 'Yar'uwa an daina sunan ne kawai. Da can kamfanin Verizon har dala 350 suke karɓa a matsayin tara, kamfanin T-Mobile ne ya fara watsar da kwantiragin shekara biyu a 2013 sauran suka bi. Yanzu kuɗin wayar ake raba miki wata 24 ko 36, duk wata su yafe na watan muddin kina tare da su. Misali wayar dala 900 a wata 36, dala 25 kenan duk wata, in kin fita bayan shekara ɗaya yafiyar ta tsaya, dala 600 na kanki. Ki lissafa nawa sabon kamfanin zai rage miki a watannin da suka rage, ki kuma tambaye su ko za su biya miki ragowar don wani lokaci suna yi, amma su ba ki a rubuce kafin ki ɗauke lambarki.